Kaset ɗin Baba da Katin Hoto

Kaset ɗaya ne ya rage mana cikin waɗanda Baba ya riƙa aiko wa Inna lokacin da yake ɗinki a Jidda. A wancan zamanin babu waya a gidanmu, sai ya zauna gaban rakoda ya yi ta magana, ya ba wani alhaji mai dawowa ya kawo. Sauran duk sun salwanta. Wannan ɗayan ma in an kunna ba abin da ke tashi sai shuuu, kamar an zuba albasa a tafasasshen mai, muryar Baba kuma tana can ƙasa.

Ni nakan tsinci kalma nan da can, Inna kuwa ko ɗaya. Kunnenta ya fara nauyi bayan rasuwarsa. Ma'aikaciyar jinya ce ni, ni na raka ta wurin likitan kunne, kuma na san abin ƙaruwa zai yi ta yi. Duk Juma'a sai ta manna kunne a jikin rakoda, can ta ɗago ta ce, "Yau ma bai fito ba." Abin yana ci mini rai. So nake ta ji mijinta ko sau ɗaya kafin jin ya tafi gaba ɗaya.

Wata abokiyar aikina ta gaya mini akwai manhajar da ke tace murya ta raba ta da hayaniya, amma sai kwamfuta tana da katin hoto mai ƙarfi, domin shi ke ɗaukar nauyin lissafin. Muna da tsohuwar kwamfutar tebur a gida, nan Gyaɗi-Gyaɗi. Na kai aka juye kaset ɗin a filashi, na sayo kati na hannu, na bi bayanin intanet na soke shi a mazauninsa. Na sauke abin da aka ce in sauke, na sake kunnawa, allo ya yi baƙi ƙirin. Ni da haƙuri dama ba mu cika shiri ba. Na zage kwamfutar tas, na ɗora ta a adaidaita sai Tarauni.

A can akwai shagon wata mata mai gyaran kwamfuta, kowa Madam yake ce mata. Iyayenta 'yan kudu ne, amma a Kano aka haife ta, Hausarta har da su "wallahi tallahi". Ta leƙa bayan akwatin ta ce, "Sista, wayar allonki tana jone a tsohuwar kafa. Kin yi baƙo, kin bar shi a zaure." Ta mayar da ita jikin katin, hoto ya dawo, amma duk ya bubbuɗe kamar an ja shi.

Saura direba, in ji ta, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta san yadda za ta yi magana da katin. Wanda na sauke sabo ne fil, katina kuwa ya kwana biyu. Sai an kankare na farko tas, a sa wanda ya dace da shekarun katin, sannan a ɗora kayan lissafin da suka dace da direban, sannan manhajar murya wadda ta dace da su. In ɗaya ya saɓa, duk sun watse. Na ce ta yi kawai in dawo in ɗauka. Ta jawo kujera ta ce a'a, ni zan buga da hannuna, tana faɗa ina rubutawa, don kada ranar da abin ya rikice in sake kinkimo ta a adaidaita. Na yi ta ƙunƙuni, ita kuwa tana cin gyaɗarta. Da la'asar sunan katin ya bayyana a allo, har da zafin jikinsa, kamar majinyaci.

Aikin tacewar yana cin sa'o'i. Gidanmu akwai sola, don haka da safe nakan kunna in tafi asibiti, bayan na ja wa Inna kunne kada kowa ya taɓa. In dawo in tarar kwamfuta a mace. Gobe ma haka, jibi ma haka. Na kira Madam na sauke mata kwandon faɗa, na ce direbanta ne bai zauna ba. Ta bari na gama, ta ce ranar Lahadi za ta biyo daga coci.

Ranar na kunna aikin, na fita bakin titi in tarbo ta. Ga ta nan da gwaggwaro da takalmi mai tsini, muka shigo tare. Abin da muka tarar a ɗaki shi ne kwamfuta lulluɓe ruf da zane, an soke gefe da gefe da kyau, ba ta inda iska za ta shiga. Na san zanen. Na lefen Inna ne, wanda ke ƙasan akwati, ko taɓawa ba ta bari mu yi. Ashe da na fita take rufewa, in lokacin dawowata daga aiki ya yi ta yaye. Fankokin katin su yi ta kuka a ciki, zafi ya yi yawa, na'ura ta kashe kanta.

"Inna!" na ce, murya ta riga ta hau.

"Malam ne fa a ciki," ta ce, ba ta ko kalle ni ba. "Haka zan bar shi a buɗe, kowa ya shigo ya gan shi?"

Bakina cike da magana, Madam ta dafa hannuna. Ta durƙusa kusa da kunnen Inna ta ɗaga murya: "Mama, kin kyauta. Amma zafi yake ji. Taɓa nan ki ji." Inna ta taɓa ƙarfen ta janye hannu da sauri. Madam ta ninke zanen ta shimfiɗa a kan tebur, ta ɗora akwatin a kai, ta kwance murfin gefe. "To ga shi a kan zanenki. Yanzu iska yake so."

Inna ta tashi ta ɗauko mafici. Na buɗe baki zan ce akwai fanka, Madam ta harare ni. Muka jona fankar daga baya, Inna kuma ta zauna daga gaba tana fifita, yadda na sha ganin tana yi wa Baba in ya dawo daga kasuwa. Lambar zafin da ke allo ta fara sauka, Madam tana nuna mata da yatsa tana cewa, "Kin gani, Mama? Aikinki ne." Ta ci tuwo da mu, ta zauna har aikin ya kai ƙarshe, ranar hutunta guda ta tafi a ɗakinmu. Har yau in na tuna faɗan da na yi mata a waya da irin zaman da ta yi, sai in rasa bakin godiya. Addu'a nake mata, ita da 'ya'yanta.

Madam ta ciro abin sawa a kunne daga jakarta ta ɗora wa Inna, ta ƙure ƙara har mu ma muna jiyowa. Baba ya yi gyaran murya, ya yi sallama, tar da shi. Ba wata babbar magana ya yi ba. Ya tambayi ko an gyara indararo, ya ce a hana ni wasa a bakin rijiya. Sannan ya ce, yadda ya saba in ya ga hankalinta ya tafi wani wuri, "Kina ji na kuwa?"

Maficin ya tsaya a hannun Inna.

"Ina ji, Malam," ta ce. "Ci gaba."