Kiɗan Gwate na Malama Klaudiya

Duk wanda ya bi hanyar Naraguta da safiyar Asabar, daidai wani fili mai katangar langa-langa da ke kallon tsohon kududdufin kuza, zai ji kiɗan da zai sa ya waiga. Kalangu ne a ƙasa, amma a samansa wani Bature ne ke rera waƙa da jita cikin muryar tausayi. Kafin mutum ya gama mamaki, kundung ya shigo, abin kiɗan nan na Birom da ake yi da katako da ƙahon shanu. A cikin filin mata ne muke ta ɗaga ƙafa muna haki, wasu da wando da rigar sanyi, wasu da dogon hijabi da takalmin kambas. Wadda ta haɗa kiɗan kuwa ita ce doguwar matar nan da ke tsaye a gaba, Malama Klaudiya Pwajok, ko Maman Tina kamar yadda 'yan unguwarsu ke kiranta.

A Anguwan Rukuba aka haife ta. Mahaifinta birkila ne, kuma ba abin da yake so a duniya kamar waƙoƙin kantiri, irin na makiyayan shanun Amurka. Mahaifiyarta ita ke buga tulu a zumuntar mata ta coci. Bayan katangarsu kuma akwai wani tela Bahaushe da rediyonsa ba ta hutawa. Ta ce tun tana ƙarama ba ta taɓa jin waƙa ɗaya ita kaɗai ba, kullum biyu ko uku ne ke shigo mata ta taga. Sai dai Allah bai ba ta murya ba. Da ta shiga kwaya, wato ƙungiyar mawaƙan coci, malamin waƙa ya mayar da ita layin baya, da abin ya ci tura ya miƙa mata caki ya ce ta riƙa kaɗawa, bakinta ya huta. Ta kuwa kaɗa shi da kyau, don ba ta taɓa kuskure lokaci ba.

Aikin koyarwa ta yi, malamar wasannin motsa jiki a makarantun sakandare, daga wannan ƙauye a tura ta wancan, har ta yi ritaya. Zaman gida bai karɓe ta ba. Mijinta Pwajok, wanda shi ma ya bar aikin gwamnati, ya samu abin yi a gonarsa ta dankali, ita kuwa ta gyara falo ta sake gyarawa. Ana nan sai wata tsohuwar ƙawarta, Hajiya Balaraba mai sayar da atamfa a Nasarawa Gwom, ta ce mata likita ya ce jininta ya hau, wai ta riƙa motsa jiki, ita kuma ba za ta iya gudu a bakin titi 'yan keke na kallonta ba. Klaudiya ta nemo filin nan. Balaraba ta zo da matan layinsu, Klaudiya ta zo da nata, sai kuma Madam Ugonna, wata 'yar Ibo mai kemis, ta ji labari ta jawo wasu. Ni ma a wannan ayarin na shigo.

Da farko usur ne kawai da ƙirga, kamar muna 'yan aji ɗaya. Ba a daɗe ba mata suka fara janye jiki, don haka ta kawo sifikar mijinta. Nan rigima ta tashi. In aka sa kiɗan ƙwarya, matan Rukuba sai ƙishirwa ta kama su gaba ɗaya, su koma gefe shan ruwa. In aka sa makosa, kiɗan rawar nan na Kamaru, matan Nasarawa su tuna suna da kiran waya. Madam Ugonna kuma ta ce ita ƙafarta ba ta jin komai sai hailaif, kiɗan wajensu. Rabin safiya a musu yake ƙarewa.

Wata rana sifika na rera kantirin Pwajok, don shi ma masoyinsa ne kuma ya manta memorinsa a ciki, Balaraba ta gaji da jiran layinta. Ta ciro wayarta ta kunna kiɗan ƙwarya, ta ƙure murya, ta ɗaga sama don neman magana. Sai ga shi na ɗan lokaci ƙwaryar da jitar sun taka tare, kamar da ma tare aka buga su. Duk filin ya motsa, ba wadda ta je shan ruwa. Can sai ɗaya ya wuce ɗaya, abin ya koma hayaniya, aka yi dariya aka watse. Kowa ya manta, ban da Klaudiya.

Ranar Litinin ta ɗauki tsohuwar kwamfutar da 'yarta Tina ta bari da za ta koma Abuja, ta tafi wurin Jabir, wani magidanci da ke tura wa mutane waƙoƙi a memori a kasuwar Nasarawa. Ta yi masa bayanin abin da ta ji. Ya ce, “Mama, ai wannan aikin 'yan dije ne, masu haɗa kiɗa.” Ta ce to daga yau ita ma 'yar dije ce, ya nuna mata inda ake dannawa. Ya sa mata manhajar, ya koya mata yadda ake rage wa waƙa gudu ko a ƙara mata, da yadda ake zare muryar mawaƙi a bar kiɗa.

Sauran kuma a falonta ta koya, da ƙafa. Sai ta kunna waƙa ta yi ta maci a tsakiyar ɗaki, ta kashe ta kunna wata, in ƙafarta ba ta canza taku ba to waƙoƙin za su zauna tare. Pwajok ya sha wahala a watannin nan. Yana dawowa daga gona zai tarar da mawaƙin da ya fi ƙauna tun yana saurayi an ƙara masa gudu yana magana kamar agwagwa. Ya roƙe ta ta bar bayin Allah su huta, ta ce masa gyara take musu.

Haɗin farko da ta kawo mana bai yi ba ko kaɗan. Muryar ta yi gabas, gangar ta yi yamma, muka yi ta dariya har wasu suka zauna a ƙasa. Ba ta ji haushi ba, ta ce dariya ma tana rage tumbi, mu ci gaba. A hankali kunnenta ya buɗe. Ta gano ba taku kaɗai ba ne, sai muryoyin biyu sun yarda da juna, in ba haka ba abin ya riƙa yi wa mutum tsami a haƙori. Ta gano kundung na zama lafiya a kan rege, don rege na barin gurbi tsakanin bugu da bugu. Waƙar fim ɗin Indiya kuma, abin mamaki, tana hawa makosa ba gardama. Abu ɗaya ta hana kanta tun farko, ba ta taɓa waƙar ibada, ta coci ce ko ta yabon Annabi, ko da wa ya roƙa. Madam Ugonna ce ta raɗa wa abin suna. Ta ce wannan ai gwate ne, an zuba acca da yakuwa da gauta a tukunya ɗaya. Sunan ya bi shi.

Wanda ya fi fita shi ne na kalangu da kantiri. Kalangun ta samo shi ne a cikin tarkacen tsofaffin kaɗe-kaɗen Jabir, ba suna ba komai. Ta yanko wani guntu da ya yi mata daɗi, ta sa yana ta maimaita kansa a ƙarƙashin jitar. Da shi muke tsalle-tsallen ƙarshe, wanda ya fi fitar da gumi. Mata suka tura wa 'yan uwansu ta waya, 'yan uwa suka tura gaba, har 'yan keke suka fara sa shi a hanyar Bauchi. Na lura duk sanda aka kunna shi Balaraba sai ta riƙa murmushi tana sunkuyar da kai, amma na ɗauka daɗin kiɗan ne.

Wata Asabar muna tsaka da wannan tsallen aka ce ana sallama da mai kiɗa a waje. Maza ba sa shiga filin, don haka Klaudiya ta yafa tawul ta fita, mu kuma muka leƙa ta kafar langa-langa. Wani dattijo ne siriri da kalangu rataye a kafaɗa. Ya ce sunansa Ishaku, ya yi shekaru yana yi wa mahautan Nasarawa kiɗa, kuma hannunsa ne wannan da ke tashi a sifika. A cikin keke ya ji, ya bi diddigi har wurin Jabir.

Klaudiya ta rusuna ta gaishe shi, ta ba shi haƙuri, ta ce ba ta san mai shi yana nan kusa ba. Ya ce ba faɗa ya kawo shi ba. Sai ya tambaye ta me matan nan suke yi a ciki. Ta ce ƙiba suke ragewa. Ya ce, “Malama, kin kuwa san abin da kalangun nan yake faɗa?”

Ta ce, “Baba, da ma magana yake?”

“Cewa yake, ku zo ga nama, an yanka mai kitse, ga tozo ga tantaƙwashi, kada ku bari ya ƙare.”

Balaraba, wadda 'yar gidan mahauta ce, ta fashe da dariya a bayan katanga har ta riƙe ciki. Ashe tun ranar farko ta ji, ta ƙi faɗa don kada a cire. Wata da watanni muna tsallen rage kitse, kalangu na kiranmu mu zo mu saya.

Abin da ya dami Malam Ishaku daban ne. Kiɗan taken wani mahauci ne, marigayi Alhaji Jika, wanda ya riƙe shi tun yana matashi. A ƙarshen kowace gaɓa kalangun na kiran sunansa, kuma daidai nan almakashin Klaudiya ya faɗa. Ya ce kullum yana jin ana tallan nama ba a faɗi mai naman ba, abin na tsaya masa a wuya. In za ta mayar da sunan, shi ke nan. Ta ce yau ɗin nan za ta mayar. Har ya juya zai tafi, ya dawo ya tambaya shi kuma Baturen kukan me yake yi. Ta ce matarsa ce ta tafi ta bar shi, ta kuma tafi da motarsa. Ya jinjina kai ya ce, “Allah sarki. To gara ya ci naman.”

Daga nan suka ƙulla. Ya fara zuwa gidanta ranar Talata da hantsi, Pwajok ya shimfiɗa masa darduma a falo, ita kuma ta ɗora waya a kan kujera tana ɗaukar kiɗansa. Nan ma sai da aka kai ruwa rana, don kwamfuta na da ɗan ƙyas-ƙyas da take bugawa don a bi, shi kuwa ya ce bai taɓa bin ƙarfe ba, sai dai ƙarfe ya bi shi. Haka ta zauna tana jan jitar tana sassautawa gaɓa-gaɓa har ta dace da hannunsa, kuma ta ce haɗin ya fi na da rai nesa ba kusa ba. Yanzu duk abin da ta fitar, da muryarta take fara faɗin sunansa. Ya kuma yi wa kowacce a cikinmu ɗan take. Na Madam Ugonna ne ya ba shi aiki, ya ce sunan ba ya kwanciya a fata, sai da ya haɗa da “mai magani” sannan ya zauna. Ranar da ta fara jin kalangu ya kira ta, ta yi tsallen da ba mu san tana da shi ba.

Mutane sun sha neman Klaudiya ta je ta yi musu kiɗan biki, tana cewa ita malamar motsa jiki ce, ba ta san wannan ba. Sau ɗaya ta karya, da Balaraba za ta aurar da 'yarta Rahma, don ba yadda za ta yi da ita. A wurin kamu aka ajiye mata tebur. Gwaggwannin ango da suka zo daga Bauchi suka zauna a jere, hannu a naɗe, suna kallon wannan mata mai furfura da abin ji a kunne. Ta fara musu da kiɗan ƙwarya zalla, sai da ta ga kafaɗu sun fara motsi sannan ta silalo da jitar Indiya, ta biyo da makosa ta ƙasa. Ba dukansu suka tashi ba, gaskiya. Amma da aka tashi taro, babbar cikinsu, wadda ta fi kowa ɗaure fuska, ta matso ta miƙa mata waya a ɓoye ta ce a tura mata na tsakiyar nan.

Ta koma gida ƙafa a kumbure, ta ce ta yi na farko ta yi na ƙarshe. Yanzu haka Madam Ugonna na binta a kan bikin ɗanta Chimezie da za a yi a watan Disamba. Klaudiya ta ce mata a'a a gabanmu, ta sake cewa a'a a waya. Amma Jabir ya gaya wa Balaraba cewa shekaranjiya ta je shagonsa, ta ce ya tattaro mata duk wani kiɗan Ibo mai ƙararrawar ƙarfe da yake da shi, wai tana so ta ji wani abu ne kawai.