Anti Dakata, Mai Gadin Zauren Ma'aikatan Jinya

Kafin ruwan shayi ya tafasa, Anti Dakata ta riga ta maƙala tabarau ta zauna bakin gado da waya a hannu. Zauren ƙungiyarmu ta ma'aikatan jinya take dubawa, wannan na intanet da muke taruwa ɗaruruwanmu muna tattauna aiki. Sai ta bi duk abin da aka zuba tun jiya: mai neman musayar ranar aiki, mai tallan turare, mai turo maganin da wai babu cutar da ba ya warkarwa. Na amfani ta bar shi, na shirme ta goge, ta bi mai shi ta bayan fage da lallashi. Sannan ta sa farar riga ta nufi ɗakin yara, inda ainihin aikinta yake. Na zauren kuwa, ko sannu ba kullum ake ce mata ba.

Sunan ma mu muka laƙaba mata. Da gardama ta fara hayaƙi, sai ka ga kalma ɗaya ta faɗo: "Dakata." Dokokinta kowa ya haddace su. Ba zagi, ba hoton majinyaci, ba labarin da ba ka da tabbacinsa.

Ƙaninta da ke aiki a ɗakin tiyata ya taɓa ɗauka 'yan'uwantaka za ta yi masa rana. Ya kira abokin aikinsa jaki a bainar jama'a, ta dakatar da shi. Ya kwashi ƙara sai wurin mahaifiyarsu.

"Mama, Yaya fa ta kore ni gaban mutane!"

Tsohuwa ta ce, "Yau ka san ta? Wadda tun tana ƙarama take raba faɗan kaji? Tashi ka je ka ba bawan Allah haƙuri."

Amma ranar da muka san ko wace ce ita, wata rana ce da hantsi. Saƙon murya ya shigo zaure, wai wata sabuwar ma'aikaciya ta yi allurar da ta kashe yaro, ga hotonta an haɗa. Wanda ya turo kuwa shugaban ƙungiya ne da kansa. Nan da nan aka yi mata ca, wasu na cewa a kore ta, wani har yana tambayar unguwarsu.

Anti Dakata tana sa wa wani yaro ƙarin ruwa. Sai da ta gama ta wanke hannu ta duba waya. Ta san in hoton nan ya tsallake zaure ya isa hannun dangin yaro, ba a san inda abin zai tsaya ba. Ta goge shi, ta kulle zauren, ta taka har ofishin shugaba.

Ya ce, "Maganata kika goge? Wa ya ɗora ki a kan kujerar?"

"Ku ne, ranka ya daɗe. Ku kuma kuka amince da dokar."

"To in ta aikata fa?"

"Ban sani ba ko ta yi ko ba ta yi ba, kai ma ba ka sani ba. Akwai kwamitin bincike. In kun ga dama ku sauke ni, amma muddin makullin na hannuna, ba za a yanke wa 'yar mutane hukunci ba a ji ta bakinta ba."

An ce mata mai girman kai, wasu suka daina gaishe ta. Ta shanye, ba ta buɗe zauren ba sai da kwamiti ya zauna. Aka gano an yi kuskure a awon magani, amma an farga da wuri, yaron yana nan da ransa, har an sallame shi. Aka ja wa yarinyar kunne, ta ci gaba da aikinta. Shugaba ya shigo zaure ya ba yarinyar haƙuri a gaban waɗanda ya yi wa maganar.

Ke ce bangon da ya tsaya ranar da kowa ya bi iska, Anti. Ke ce kika nuna mana cewa bayan kowane suna a kan waya akwai mutum mai iyaye, mai 'ya'yan da wata rana za su karanta abin da aka ce a kansa. Ba ki taɓa hana kowa faɗin ra'ayinsa ba, ko da a kanki ne. Cin mutunci kawai kika hana.

Yanzu idanu sun gaji, ta ce za ta miƙa makullin a ƙarshen wata. Duk wanda aka nema ya karɓa, kada ya ce ba shi da lokaci. Mu kuma sauran, kowa ya zama mai gadin yatsansa.

Allah ya saka miki da alheri, ya sa 'ya'yanki su samu mai tsaya musu kamar yadda kika tsaya wa na wasu. Je ki huta, ki kashe wayar ma in kin so. Daga nan gadin ya zama namu.