Salatif Biyu a Kan Allo

Shekara biyu na yi ina ɗaukar allunan wasan ruwa a bakin tekun wani otal a unguwar West Bay, can ƙasar Larabawa, ban taɓa hawa ko ɗaya ba. Nawa wanke su ne da cajin batir. Allon yana da dogon ƙarfe a ƙasa mai fiffike. In ya ɗauki gudu sai ya ɗaga mutum sama da ruwa. Da kwantiraginmu ya kusa ƙarewa, manaja ya ce mutum ɗaya zai riƙe, wanda zai iya tsayuwa a kai ya nuna wa baƙi. Ya ba mu mako uku. In na kasa, sai gida, ga shi ban ajiye komai ba.

Na ga masu koyarwa suna manna salatif a inda ƙafa za ta zauna, ni ma na sayo baƙin salatif a unguwar Najma, inda muke kwana. Na manna ɗaya a saitin ƙarfen, na auna taki biyu da ɗan ƙari na manna na gaba, na karkata shi yadda zai dace da ƙafar dama. Ban ko yi tunani ba. Tun ina yaro da dama nake shiga masallaci, da ita nake fara sa takalmi, hagu kuwa ta shiga bayi ce. Ya za a yi in sa ta gaba a neman abinci?

Kwana goma sha biyu ina shan ruwan gishiri. Na matsar da salatif gaba, na dawo da shi baya, na zagi allon, na zargi batir. Tsoro ya kama ni sosai.

Akwai wani dattijo ɗan zangon Kumasi da ke gadin wurin, kullum yana kallona yana dariya. Wata safiya ina tsaye a kan yashi, kawai ya hankaɗa ni ta baya. Na yi taga-taga, na juyo a fusace.

“Baba, lafiya?”

“Dubi ƙasa, ɗana. Wace ƙafa ta tare ka?”

Hagu ce a gaba, ta nutse cikin yashi.

“Khalas, shi ke nan,” in ji shi. “Yi bisimilla ka juya abinka. Yalla, maza.”

Na ɓare salatif ɗin raina bai so ba, na karkata shi ɗaya gefen. A hawa na uku ƙarar ruwa ta ɗauke ɗif, na ga inuwar allon a ƙasana. Ranar gwaji na zagaya sau biyu ban faɗi ba, manaja ya ce an ƙara min shekara biyu.

A motar komawa Najma na kira matata na faɗa mata. Ta yi hamdala, ta yi min barka. Sai ta ce ’yarmu, wadda na bari a ciki, jiya ta nuna wayar ta tambaye ta ko a ciki Baba yake kwana.