Gashin da Aka Yi wa Ilu a Babban Mutum

Daura

Ana idar da sallar asuba muka fita, ni a keken guragu, matata Hajara tana turawa tana mita. Sunana Sabi'u, tsohon ɗan acaɓa. Wani jaki ne ya tsallako mini titi; shi ya tashi ya kakkaɓe kunne ya ci gaba da kiwo, ni kuwa laka ta taɓu, daga ƙugu zuwa ƙasa muka yi sallama.

A asibiti a Kano muka kwanta gado da gado da Ilu, mutumin Babban Mutum, wanda ya faɗo daga gawo yana sassabo wa tumaki ganye. Ɗakin namu kowa da hanyar da ya bi ya iso: wani katanga, wani tirela, wani tarin fuka ne ya cinye masa ƙashin baya. Tun da aka sallame mu Ilu bai koma wajen likita ba. Sai ga wani mai fataucin awaki da saƙo, wai ƙafafunsa har wari suke. Hankalina ya tashi, domin irinmu gyambo ne ke kashe mu, ba laka ba. Na ce sai mun je mun gan shi.

A tasha, lokacin Shari'a tana ɗanya, ɗan kamasho ya ce mata baya, maza gaba.

"Yallaɓai," na ce, "in ka raba ni da ita, a kwanar farko zan faɗa cinyar direba."

Aka cusa mu tsakiya. Keke ya biya kuɗin mutum guda, ya hau sama, ya fi mu shan iska.

Zango

Da hantsi muka sha koko da ƙosai ta taga. Gaba kaɗan 'yan sa-kai masu neman giya suka tsayar da mu. Wani mai sabon gemu ya hango leda a ƙarƙashin rigata, cike da ruwa ruwan ɗorawa.

"Malam, wannan fa?"

"Haɗin gida ne, da ɗuminsa. Ɗanɗana ka tabbatar."

Ya bi robar da ke haɗe da ledar da ido har ya ga inda ta nufa. Ya ja da baya yana jero mini Allah ya ba da lafiya. Hajara ta mintsine ni a cinya, ta manta nan ba kowa a gida.

Baure zuwa Babban Mutum

A Baure muka koma a-kori-kura tare da buhunan gyaɗa. Kafin azahar muna ƙofar gidan su Ilu.

Na same shi kwance a tabarma, fuska a bango, ga kasko da garwashi kusa da ƙafafunsa. Hajara ta ɗage zanen da ya rufa da shi, ta fita, ta daɗe ba ta dawo ba. Ba gyambon kwanciya ba ne, ƙuna ce, daga sha-raɓa har diddige.

Na tambayi mahaifiyarsa, "Inna, me ake yi da kaskon nan?"

"Gashi mana, ɗan nan. Likita da bakinsa ya ce a riƙa yi masa gashi safe da yamma. Ban taɓa fashi ba. In ɗora dutse a wuta, in naɗe da tsumma, in danna. Kullum ina tambayarsa, da zafi? Ya ce a'a. Sai in ƙara wuta."

A asibiti, gashi shi ne a lanƙwasa maka ƙafa, a miƙe, a juya ka, a koya maka zama. Ko ashana babu a ciki. Wanda ya raɗa wa abin wannan suna, Allah ya yafe masa, ni dai ban yafe ba tukuna. Da na yi mata bayani, ta dubi tafin hannunta ta zauna a ƙasa. Ban taɓa jin tausayin mutum kamar yadda na ji nata ba.

"Kai kuma, ɗan banza," na ce wa Ilu, "ai ka san gashin asibiti."

"Na sani. Nasu bai tashe ni ba, na ce ko nata. Kuma shi kaɗai ya rage mata da za ta yi mini." Ya ɗan juyo. "Ƙaurin dai na ji, na ɗauka maƙwabta ne ke babbaka."

Muka yi dariya har Inna ta ce ba mu da kunya. Hajara ta kama hannunta ta nuna mata yadda ake juya shi, ta ce duk abin da zai taɓa ƙafar nan, ta fara gwadawa a gwiwar hannunta.

Saura fita da shi asibiti. Ilu ya ce ya rantse ba zai hau keken bara ba. Na zame na sauka tabarma kusa da shi.

"To ni ma na zauna. Inna, a ƙara tuwo, baƙi sun tare. Kuma ina minshari, ya sani."

Ya hau.

Komawa

Keke ɗaya, guragu biyu. Inna ta tura ɗanta, ni kuma Hajara ta goya ni har bakin mota, a tsakiyar gari, babu wanda ya ce uffan. Likitan da ya duba shi a Daura ya ce da mun ƙara jinkiri da sai dai a yanke. Aka ba shi gado, Inna ta shimfiɗa tabarma a gefe.

Ana kiran magariba muka shiga gida. Na gode wa Allah, na gode wa mai awaki, har mai sabon gemu da addu'arsa. Hajara ta hura wutar tuwo, ta sa hannu ta janye ƙafafuna daga bakin murhu ba tare da ta ko kalle su ba. Ashe haka take yi kullum, ni ina can ina surutu.

Na ce, "Hajara, na gode."

Ta ce, "Ɗage rigar taka ma, kada ledar ta narke."