Awa Ɗaya da Kwata Zuwa Ikko

Litinin, Zuru zuwa Kwantagora

Ƙarfe biyar na asuba na bar Zuru a gaban wata motar itace. Wayar da aka buga mana daga barikin soja a Ikko gajeriya ce: ƙanena Bawa na kwance asibiti, a zo maza. Inna ta ba ni kwalbar zuma ta ce, "Ka ba shi da hannunka, tun yana yaro ita ke tashe shi."

Mil saba'in muka yi cikin awa biyar, har da tsayuwar 'yan sanda a Rijau. A tashar Kwantagora na tarar da wata babbar mota roka ta kusa cika, Ikko za ta. Direban, wani dattijo mai jan hula, ya ce, "Malam, shigo mana. Jibi da hantsi kana can, in Allah ya so."

Ni kuwa malamin makaranta ne, labarin ƙasa nake koyarwa. Na riga na ɗora rula a kan taswira: Kaduna zuwa Ikko wajen mil ɗari huɗu ta sama, awa ɗaya da kwata. Na ce masa jirgin sama zan bi. Ya dube ni ya ce, "To, Allah shi kiyaye." Har yau in na tuna dariyar da na yi masa, ji nake kamar in mari kaina.

Kaduna, Talata da Laraba

Na hau motar Kaduna, ta Tegina muka bi, muka shiga gari da magaribar Litinin ɗin. Na sauka wurin wani kofur ɗan garin Manga ta wajenmu, matarsa ta yi mana tuwon dawa.

Da safe na sayi tikiti, na zauna ina jin kaina. Jirgi ya zo, ya kwashi mutane, ya tashi a kan idona. Na je wurin akawu, ya ce, "An buga maka hatimi? Tikiti daban, kujera daban." Wa ya taɓa gaya mini haka a Zuru? A garinmu in ka biya mota, ko kan buhu ne za ka zauna.

Laraba ma haka. Na nuna wa akawun takardar wayar da aka buga mana, ko kallonta bai yi ba. Ina tsaye wasu masu manyan riguna suka zo, ba layi ba komai, aka karɓi jakunkunansu ana rusunawa. Raina ya ɓaci, na ɗaga murya, wani ɗan sanda ya fitar da ni waje. Buredin kwabo goma na ci ranar.

Alhamis, Ikko

Kofur ne ya sa kakinsa ya raka ni, nan take hatimi ya samu. Mun tashi goma da rabi, sha biyu saura kwata mun sauka. Lissafina bai yi kuskuren ko minti ɗaya ba.

A asibiti wata nas ta ce Bawa ya cika jiya da la'asar. Ta ce tun safe idonsa na kan ƙofa.

Komawa gida

Bayan jana'iza na biyo mota, kwana biyu cur. Na gode wa kofur da iyalinsa, Allah ya saka musu. Akawun nan kuwa na bar shi da Allah.

Na ajiye wa Inna zumarta, ko buɗewa ba a yi ba. Ta daɗe tana kallon kwalbar, sannan ta ce, "Jirgin naka, awa nawa ya yi?"

Na ce, "Ɗaya da kwata, Inna."

Ta ce, "Lallai yana da sauri."