Ranar da Muka Taka Bayan Fastonmu

Asabar ce, ranar koyon waƙa ta zumuntar mata. Da hantsi na rufe shagon ɗinkina, na ja ƙanwata Rifkatu muka gangara majami'armu da ke Yelwa, dukanmu cikin ankon zumunta. Rifkatu kurma ce tun haihuwa. Ba ta waƙa, amma ita ke dama kunun da muke sha in mun gama, a wani ɗan kicin na langa-langa can kusurwar fili.

Mun iske Baba Fasto Iliya yana shara a bakin ƙofa, ya naɗe ƙafar wando, farar taguwarsa a goge, kwat ɗinsa rataye a darbejiya. Gajere ne, siriri. Na sha tsokanarsa cewa fastocin wasu ana riƙe musu jaka, namu kuwa tsintsiya yake riƙewa. Dariya kawai yake yi, ya ce in ɗaga ƙafa zai share wurin.

Yana da wata ɗabi'a da kowa ya san shi da ita. In an tashi sujada, sai ya tsaya a ƙofa ya gaida kowa da sunansa, har jariran goye, kuma ba ya fita sai ya tabbata ba wanda ya rage. Matarsa ta gaji da mita. Tuwonsa kullum da sanyi yake cin sa.

Muna cikin waƙa ta biyu muka ji ƙarar farko. Mai buga tulu ta tsaya. Sai ihu daga titi, sai ƙofofin shaguna ana rufewa garam-garam. Warin taya ya shigo ta taga. Har yau ban san abin da ya tada rikicin ba. Wasu sun ce faɗa ne a tashar keke, wasu sun ce wata magana ce aka yaɗa a waya.

Baba Fasto ya sa wa ƙofar gaba sakata, ya shigo da gudu. Ban taɓa ganin ya yi gudu ba.

"Kowa baya! Kada a yi kuka!"

Katangar baya ta fi kowaccenmu tsawo, kuma an dasa fasassun kwalabe a samanta saboda ɓarayi. Babu tsani. Bencinan an kafe su a siminti. Duwatsu suka fara sauka a kan kwano. Ya fizgo kwat ɗinsa daga darbejiya, ya ninka ya cilla a kan kwalaben, sannan ya sunkuya a gindin katangar, ya dafa gwiwoyinsa.

"Ku hau!"

Ba wadda ta motsa. A gidajenmu ko ƙafar dattijo ba a tsallakewa, balle a taka bayan fasto. Muka tsaya muna kallon juna, ana dukan ƙofa da ƙarfe.

"Laraba, hau! Na ce ki hau!"

Mama Laraba, shugabar zumunta, ta duƙa ta cire takalmanta tukuna. Duk sauran muka bi ta. Yana ihu mu bar cire takalman, ba wadda ta saurare shi. Lokacin da muka ɓata ke nan, kuma ina jin ciwonsa har gobe.

Kansa na ƙasa, amma duk wadda ta ɗora ƙafa sai ya kira sunanta. Hannatu. Tabita. Lami. Ban san yadda yake gane mu ba. A ɗaya gefen, maƙwabciyarmu Hajiya Asabe mai awara ta jawo turmi, tana tarbar mata ɗaya bayan ɗaya. Cikin turereniyar na hango wata mai jikin Rifkatu ta tsallaka. Anko iri ɗaya ne, sai na ɗauka ita ce.

Ni ce ta ƙarshe, kuma ni ba ƙaramar mace ba ce. Da na taka shi na ji ya yi nishi, gwiwarsa ta girgiza, amma bai faɗi ba. Na hau saman katanga na leƙa tsakar gidan Hajiya. Na duba fuskoki. Babu Rifkatu. Kafin in buɗe baki ya miƙe.

"Ban kira Rifkatu ba!"

Ya ruga kicin. Na yunƙura in bi shi, Hajiya ta cafke ƙafata daga ƙasa ta ƙi saki. Daga saman nan ina ganin ƙofar gaba tana lanƙwashewa. Sai ga shi yana janye da ita, ludayi a hannunta, tana waige-waige, ba ta san me ake ciki ba. Ya sake sunkuyawa. Ta ga takalmanmu a zube, ita ma ta cire nata. Na kamo hannunta na fizgo ta. A daidai nan ƙofar ta faɗi.

Shi kuma ba wanda zai sunkuya masa. Na kwance zanina na zura masa. Ya kama, ya ɗago ƙafa ɗaya, kwalba ta yanke zanin, ya koma ƙasa.

"Saratu, sauka! Tafi da ita!"

Na ga samari, fuskoki a ɗaure, adduna da jarkar fetur a hannu. Baba Fasto ya juya wa katangar baya, ya nufe su a hankali, tafin hannuwansa a buɗe, yana yi musu magana don kada su ɗaga ido. Hajiya ta jawo ni ƙasa. Abin da na ji bayan haka ba zan rubuta shi ba.

A ƙuryar ɗakinta muka ji kiran sallar azahar, hayaƙi na shigowa ta ƙasan ƙofa. Ta kwaso hijabanta da na 'ya'yanta, har da zannuwan gado, ta rufe mana anko. Mijinta ya shige gaba, muka bi lunguna ba takalmi, ƙasa kamar garwashi, ƙafafunmu na jini. Da la'asar muka isa bariki.

A hanya Rifkatu ta yi ta jan hijabina tana kwaikwayon shara da hannu. Sunan Baba Fasto ke nan a wajenta. Ta yi, ta sake yi. Na riƙe hannunta muka ci gaba da tafiya.

Bayan an binne shi, matarsa ta kira mu gidan da aka ba ta mafaka. Ta shimfiɗa farar taguwar a kan tabarma. Gaban ba ya kalluwa, sai ta kifa shi. A bayan kuwa sawunmu ne, kan juna, har yatsu ana gani. Na gane nawa, shi ne mafi faɗi. Na Rifkatu yana sama da duka, da tokar murhu.

Duk matan da suka je koyon waƙa ranar suna raye. Har yanzu Rifkatu ke dama mana kunu, kuma in ta gama rabawa takan ajiye wa Baba Fasto kofi ɗaya a bakin ƙofa, ya huce a wurin.