Kawu Guguwa da Tseren Bakin Danja

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, mai gyaran sikeli ne. Shekara talatin yana cikin wani ɗan shago a bayan kasuwa, kuma duk sikelin da ya karkace a garin, na mahauta ne ko na asibiti, hannunsa yake zuwa. Ko ƙwayar wake ka ɗora masa a tafin hannu, zai faɗa maka nauyinta. Abu ɗaya ne tak bai taɓa aunawa ba, wato kansa. Mutum ne wanda in ya tsaya a ƙofar ɗaki da rana tsaka, sai na ciki sun nemi fitila.

Maƙwabtansa na kasuwa ne suka laƙaba masa suna Guguwa, saboda babur ɗinsa. Shi ya ɗauka yabo ne, su kuma ba wanda ya ga dalilin ɓata masa rai.

Abin ya samo asali ne daga danjar babban titi. Kullum da safe can yake haɗuwa da wani dattijo mai kai burodi shaguna, siriri kamar tsinken sakace, a kan wani tsohon babur da aka ɗaure fitilarsa da waya. Da an ba da hannu sai mai burodi ya wuce fit, da akwatinsa da komai, ya bar Kawu yana murɗa totur, babur na nishi kamar an tashe shi daga barci. Kwana uku a jere haka, a na huɗu Kawu ya zarce wurin makanike.

"Ina so in an ba da hannu in ɓace," in ji shi.

Makanike ya dubi babur, ya dubi Kawu, ya sake duban babur da tausayi. "To, Yallaɓai, za a gwada."

Aka sa babbar kafireta don injin ya riƙa shan mai da iska sosai. Aka faɗaɗa ramin fistin. Aka huda salansa. Ranar da Kawu ya dawo da shi gida, kajin unguwa suka watse, wani jariri a gida na uku ya farka da ihu. Ƙara kam an samu, ba a magana. Washegari a danja duk wanda ke wurin ya waiwayo ya ga wane ne wannan, don haka mutane da yawa suka shaida lokacin da mai burodi ya sake wuce shi.

Ya koma wurin makanike ransa a ɓace. Makanike ya sosa ƙeya ya ce, "Yallaɓai, injin nan ba shi da laifi. Tashin babur ƙarfi ne da nauyi. Ƙarfin an ƙara. Saura nauyin." Yana maganar yana kallon tumbin Kawu.

"Ka yi gaskiya," in ji Kawu. "Babur ɗin nan ya cika tarkace."

Ina nan a tsakar gida ranar da aka yi wa babur tsirara. Kawu ya kwance madubai biyu, ya cire ƙarfen ɗaura kaya, ya cire marufin sarƙa da abin tare taɓo, har da ƙafar jingina babur. Kowanne sai ya ɗora a sikeli ya kira ni in gani. Daga ƙarshe ya yanke rabin kujera, wurin da matarsa, Inna, take zama.

"Ni kuma a ina zan hau?" in ji Inna.

"Ke ai kin san hanyar tashar mota."

Kilo shida da rabi aka rage. Don murna, da yamma Kawu ya nemi ƙarin abinci sau biyu. Tun daga ranar kuma duk inda ya je sai ya yi ta zagaye yana neman bangon da zai jingina babur, in an yi ruwa kuwa ya iso shago da layin taɓo tun daga ƙugu har ƙeya. Mai burodi bai fasa wuce shi ba.

Sai aka koma kan iska. Makanike ya yi masa bayani cewa in gudu ya ƙaru, iska takan zama kamar bango, kuma iya faɗin mutum iya turin da zai sha. Shi ya sa masu tsere suke kwanciya a kan tanki. Kawu ya gwada. Matsalar ita ce tumbinsa yakan riga shi isa tankin, ya tsaya a nan, kai kuma ya rage a sama yana leƙe. Faffaɗar rigarsa tana cika da iska ta baya, ya zama kamar laima mai taya biyu. Ya sa tela ya ɗinka masa matsattsiya. A gwajin farko maɓallai uku suka tashi, ɗaya ya sami wani mai tafiya a ƙasa a kunne.

Inna ce ta gaji. Ta je ta sami makanike, suka ƙulla abin da suka ƙulla. Wata ranar hutu makanike ya nemi Kawu su haɗu a shagon sikeli, ya ce ya samo wanda zai gwada masa babur a miƙaƙƙen titin bayan kasuwa. Muka je, sai ga mai burodi tsaye yana murmushi. Ya gaida Kawu da ladabi, ya hau babur ɗin Kawu, ya ɗan taɓa totur. Tayar gaba ta ɗaga sama, kafin mu ƙifta ido ya zama ɗigo a ƙarshen titi.

"Kun gani ko!" Kawu ya daka tsalle, iya tsallen da zai iya. "Na ce muku babur ɗin nan akwai gudu!" Sai kuma murnar ta gushe, don lissafi ba ya ba shi wuya.

Inna ta nuna babban sikelin buhuna da ke ƙofar shago. "Maigida, bismilla."

Ya hau. Allura ta zagaya ta tsaya a kilo ɗari da ashirin da takwas. Mai burodi ya dawo, aka ɗora shi, hamsin da ɗaya.

"Sikelin nan ya lalace," in ji Kawu.

"Jiya ka gyara shi," in ji Inna.

Muka yi dariya, amma shi bai yi ba. Na ga ya sauko a hankali, ya tura babur cikin shago ya kulle, ya kama hanyar gida a ƙasa. Abin ya taɓa shi fiye da yadda muka zata. Wata tara yana zuwa aiki a ƙafa, ya rage ci, wuyansa ya fito, numfashinsa ya daina yin fito in yana hawa matakala. Likita ya yaba masa ƙwarai, bai san mai burodi ya kamata ya gode wa ba.

Da ya sauke kilo talatin, ya fito da babur ya wanke shi, ya tafi danja ya jira. Aka ba da hannu, ya murɗa totur har ƙarshe kamar yadda ya saba a da. Wannan karon babur ya amsa. Waɗanda suka gani sun ce ya wuce mai burodi, ya wuce motoci huɗu, ya wuce kwanar da zai shiga. A duk gyare-gyaren nan ba wanda ya taɓa tuna birki. Tulin yashin wasu magina ne ya karɓe shi, ƙashin kafaɗarsa ya tsage.

Mai burodi ya zo duba shi a gida, da burodi biyu masu ɗumi a leda. Kawu na kwance, hannu a rataye, ya ce, "Malam, ka dai ga na wuce ka."

Dattijon ya yi sororo. "Wuce ni? Ashe tsere muke yi? Wallahi ban sani ba. Ni sauri nake kada burodin ya huce."

Inna ta fita da gudu tana toshe baki da mayafi. Kawu ya daɗe yana kallon rufin ɗaki, sannan ya ce a yanko masa burodin, siriri.